Kundin wankin gida: bango, daɓe, katanga da rufi

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau ban taɓa ruwa ba. Zagaya gidan na yi sau biyu da takarda da biro, ina rubuta duk abin da idona ya gani. Bangon da ke ƙarƙashin inuwar bishiya ya yi kore shar, gansakuka ta hau shi tun daga ƙasa har daidai ƙirjina. Ƙarƙashin kowace taga akwai baƙin zane da ya gangaro, kamar hawayen mai kwalli. Gindin katanga ya yi fari fat da kanwa, tsatsa ta zubo daga ƙarafan taga biyu, ƙyauren katako na baya ya koma ruwan toka, bakin gareji kuma duk tabon baƙin mai ne.

Amma abin da ya tayar da ni shi ne daɓen tsakar gida. Makon jiya Inna ta fito da sassafe, ƙafarta ta zame a kan santsin da ke kusa da famfo, Allah ya kiyaye ta dafa bango. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Na aro injin wanki mai feshi, na lantarki. A jikinsa an rubuta PSI 1,900, wato awon ƙarfin matsin ruwansa, yana fitar da ruwa wajen lita 7 a minti. Ruwan famfo na yau da kullum bai cika wuce PSI 40 zuwa 60 ba, ka ga ke nan wannan ya ninka shi fiye da sau talatin. Ƙanena yana ganinsa ya ce, "Yaya, mu jona mana, kafin la'asar ai mun gama bangon nan." Na ce masa sai gobe, kuma gwaji za mu fara yi a inda ido ba ya kaiwa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Gara da muka yi gwajin.

Injin ya zo da kawunan feshi biyar, kowanne da launinsa, kuma launin shi ke gaya maka faɗin ruwan da zai fito. Ja sifili ne, ruwa a tsaye kamar allura. Rawaya digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma 65, shi ne mai sanyi, na zuba sabulu. Ƙarfin injin ɗaya ne, abin da ke sauyawa shi ne girman wurin da ƙarfin yake sauka.

Na sa rawaya na nufi kusurwar bangon baya, tazarar kamar kamu ɗaya. Koren gansakukar ya tashi nan take, ƙanena har da tafi. Da ruwan ya tsane muka matsa kusa, sai ga fenti ya ɓantale kamar ɓawon ƙwai, fulastar da ke ƙasa ta yi rami-rami, yashinta ya fito fili. Wurin ya kai faɗin tafin hannu biyu. Abin da ya fi damuna kuma, a cikin ƴan ramukan da ruwan bai tona ba, koren yana nan daram. Wato na lalata bango, ban kuma gama da gansakukar ba.

Sai na sa jan kan, na ajiye guntun katako a ƙasa, na ja kunamar bindigar feshin na daƙiƙa biyu kacal. Ya yanka katakon ya bar tsagi mai zurfi kamar an bi shi da kurfi. Na kira ƙanena na ce ya sa yatsa ya ji zurfinsa. Ruwan da ya kai PSI 100 ma yana iya huda fatar mutum, balle wannan. Mugun abin shi ne raunin a waje ɗan ƙarami ne, kamar sukar ƙaya, alhali ruwa da datti sun shige can cikin nama. Wanda abin ya sama asibiti zai nufa a take, ko da bai ji zafi sosai ba. Na cire jan kan na jefa shi cikin aljihun tebur na kulle. Babu abin da zai yi mana a wannan aiki.

Doka ta farko da muka kafa: ba a riƙe bindigar da silifas a ƙafa, ba a kuma wanke ƙafa ko hannu da ita, ko da wasa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na nuna wa wani dattijo, tsohon mai fenti, hoton wurin da na ɓata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, abin nan da ke bangonka ba datti ba ne, rai gare shi. In ka doke shi da ruwa, aski kawai ka yi masa." Na ce, "To Baba, yaya ake yi?" Ya ce kashe shi ake yi, in ya mutu ruwan tiyo ma ya isa ya sauke shi.

Wannan shi ne abin da masu sana'ar ke kira wanki mai laushi. Sinadari ke yin aikin, ruwa rakiya kawai yake yi, ƙarfinsa bai wuce na tiyo ko famfon feshi na goyo ba. Sinadarin kuwa ba baƙo ba ne, bilic ne da ake wanke fararen kaya da shi, wanda a kimiyyance ake kira sodiyom haifokulorait. Na gida yawanci ƙarfinsa kashi 5 ne zuwa 6 cikin ɗari, na masu sana'a da na wuraren ninƙaya yakan kai 10 zuwa 12.5. Bango mai fenti kashi 1 ya ishe shi. Na duba jikin jarkar da na saya, kashi 5 ne, don haka lissafin ya zo da sauƙi: awo ɗaya na bilic, awo huɗu na ruwa. A famfon feshi mai cin lita 10, bilic lita 2, ruwa lita 8. Ana ƙara ɗan sabulun ruwa don haɗin ya manne a bango maimakon ya zurare ƙasa, amma dole ya zama wanda aka rubuta cewa yana jituwa da bilic.

A nan ne na tsaya na karanta wa mutanen gida abin da ba na so kowa ya manta. Bilic ba ya haɗuwa da komai sai ruwa. In ya haɗu da asid, ko da ruwan tsami ne ko ruwan wanke masai, iskar kulorin ce ke tashi, mai ƙona huhu. In ya haɗu da amoniya, wadda ke cikin wasu ruwan goge gilashi, wata gubar ce daban ke tashi. Na ware bokiti ɗaya da famfon feshi ɗaya na bilic kaɗai, na rubuta a jikinsu da babban baƙi.

Kayan kariya sun kammala: tabarau mai rufe gefe da gefe, safar hannu ta roba mai tsawo, takalmin ruwa, da tsofaffin tufafin da ba za mu yi baƙin cikin ɓacinsu ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Shiri ya ci mana lokaci fiye da wankin kansa. Mun rufe tagogi, mun toshe ƙasan ƙofa da tsumma, mun kashe wutar waje daga babban makunni, sannan muka lulluɓe soket biyu da fitilar bango da leda da salatif. Mun kwashe shanya, mun kawar da kwanon ruwan kyanwa. Daga nan ƙanena ya ɗauki tiyo ya jiƙa furannin da ke gindin bango sharkaf, ganye da ƙasa duka. Hikimar ita ce ganyen da ya riga ya sha ruwa ba ya shan abin da ya fantsamo masa, ƙasar da ta ƙoshi kuma tana tsarma duk abin da ya gangaro. Aikinsa ke nan har muka gama, ya jiƙa kafin feshi, ya jiƙa ana cikin yi, ya sake jiƙawa bayan an gama.

Ƙarfe bakwai na safe na fara, bango da sanyinsa. Daga ƙasa na fara fesawa ina hawa sama, domin in ka fara daga sama, haɗin zai gangaro kan busasshen bango mai datti ya zana layukan da ke wuyar fita. Na yi faɗin mita uku na tsaya.

Minti biyu na farko babu abin da ya faru, har ƙanena ya fara kallona. A minti na huɗu koren ya fara dusashewa daga gefe-gefe, ya koma ruwan ƙasa, ya koma rawaya-rawaya kamar busasshen ganye. Baƙin zanen ƙarƙashin taga na tsaya ina kallonsa yana narkewa, babu wanda ya taɓa shi. A minti na goma sai ga launin fentin da na manta da shi ya bayyana. Inda gansakukar ta yi kauri na bi da burushi mai laushi sau ɗaya, sannan na ɗauraye da tiyo daga sama zuwa ƙasa, da ruwa mai yawa. Fenti ko ƙwarzane bai yi ba. Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Ashe haka bangon nan yake?"

Kuskure biyu na yi, kuma ina so su zauna a rubuce. Na farko, wajen ƙarfe goma rana ta zagayo kan ɓangaren ƙarshe, ni kuma na tsaya amsa waya, haɗin ya bushe a bango ya bar farin dabbare-dabbare. Sai da na sake jiƙa shi na goge kafin ya fita. Ba a barin sa ya bushe. In ya fara shan iska, a ɗan yayyafa masa. Na biyu, ƙarfen taga na alminiyom da ban ɗauraye da wuri ba ya ɗan dushe. Bilic yana cin ƙarfe, don haka duk wani ƙarfe da gilashi a jiƙa su tukuna, a kuma fara ɗauraye su.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Iska ta tashi tun safe, ban yi feshi ba. Abin da iska ta ɗauka, ko a idonka zai sauka ko a shanyar maƙwabta. Na duba furanni: duk lafiya, sai guda ɗaya a can kusurwa da tiyo bai kai gare ta sosai ba, gefen ganyenta ya ƙone. Na yanke ƙonannun na ba ta ruwa. Ragowar haɗin jiya ban ajiye ba, domin bilic da aka tsarma ba ya daɗewa da ƙarfinsa, zafi da hasken rana suna kashe shi. Jarkar ma na mayar da ita wuri mai duhu da sanyi, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau ranar injin ce, domin daɓen siminti shi ne wurin da ƙarfi ke da amfani. Ko a nan ma ban fara da shi ba. Na fesa haɗi mai ɗan ƙarfi, bilic lita 4 da ruwa lita 6, wato kashi 2, na bar shi minti goma sha biyar ya kashe santsin, na ɗauraye, sannan na jona injin.

Akwai tsarin tayar da shi da mai injin ya nanata mini. A buɗe famfo tukuna, a ja kunama har iskar da ke cikin tiyo ta fita ruwa ya daidaita, sannan a kunna. In ya yi aiki babu ruwa, famfon cikinsa ne ke lalacewa. In an gama a kashe, a rufe ruwa, a sake jan kunama don ƙarfin da ya taru ya fita kafin a kwance komai. Bilic kuma ba ya bi ta cikin famfon injin, yana cinye robobinsa. Wutar na ɗauko ta ne ta na'urar da ke katse lantarki da zarar ya fara zurara, mai miliamfiya 30, wato awon zurarar da ke sa ta katse, mahaɗar wayoyin kuma na ɗaga ta kan kujera na rufe. Ana tsakiyar aiki na'urar ta katse wuta sau ɗaya. Da muka bincika, ruwa ne ya fantsama cikin mahaɗar. Ni kuwa a lokacin tsaye nake cikin ruwa har idon sawu. Duk wanda zai yi aikin nan da injin lantarki, ina roƙonsa kada ya yi shi babu wannan na'ura.

Koren kai na sa, tazarar kamar santimita 30 daga ƙasa. Layin farko da na yi ya fito da zane-zane, wani wuri fari wani wuri duhu, saboda ina lilo da hannu kamar mai shara: a tsakiya bakin bindigar yana kusa da ƙasa, a gefe yana nisa. Gyaran shi ne ka riƙe tazara ɗaya, ka yi tafiya da ƙafarka maimakon wuyan hannunka, kowane layi ya hau kan rabin na baya, kada kuma ka tsaya wuri ɗaya da kunama a jawe. Na bi gangaren daɓen, daga tudu zuwa magudana, don kada dattin ya dawo inda na wanke.

Kusa da ƙofar shiga akwai bulon shimfiɗa, a can na koma farin kai, duk da haka ruwan ya kwashe yashin da ke tsakaninsu. Sai sun bushe zan share sabon yashi in cike, in ba haka ba za su fara motsi. Tabon man gareji bilic bai yi masa komai ba, ƙarfin ruwa ma watsa shi kawai yake yi. Sabulun narkar da maiƙo na zuba, na dirje da burushi mai tauri sau biyu. Ya ragu sosai, inuwarsa dai tana nan, domin ya daɗe da shigewa cikin simintin.

Da yamma na zuba ruwa a gindin famfo na taka da ƙafa. Ƙafa tana kamawa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kanwar katanga ba rai gare ta ba, don haka bilic ba shi da abin da zai kashe. Gishiri ne da ke cikin bulo da siminti. Danshi ke narkar da shi ya fito da shi waje, ruwan ya bushe ya bar shi. In ka wanke da ruwa mai yawa, yau zai ɓace, bayan kwana uku ya dawo, domin ka ƙara wa bangon abin da ya jawo matsalar. A bushe na goge shi da burushi mai tauri, ya zuba kamar gari.

Ruwa ba ya tsami banza, sai na bi sawun danshin. Indararon da ke saman wurin ya tsage ta ƙasa, duk ruwan da ya sauko daga rufi a gindin katangar yake zuba. Shi ne kuma ya ciyar da rabin gansakukar da na wanke. Na auna shi zan sauya.

Tsatsa ita ma ba ta jin bilic, ƙara kama bango ma take yi. Asid mai suna okzalik ake sa mata. Na bari sai yau ne da gangan, mako biyu bayan feshin wannan bango, kuma a wani bokiti daban, saboda abin da na rubuta ranar 9 ga wata. Guba ne shi ma, da safar hannu da tabarau na shafa shi a kan zanen kaɗai. Cikin ƴan mintoci jan ya dushe, na ɗauraye. Gobe zan kankare ƙarafan tagar in shafa musu fentin hana tsatsa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mun yi gardama da ƙanena a kan rufi. Shi yana so ya hau tsani da bindigar. Na ce ya tuna yadda take turo hannu baya duk lokacin da aka ja kunama. A ƙasa ƙafarka biyu ke tare wannan turin. A kan tsani, hannu biyu na kan bindiga, matakala a jiƙe, me zai tare ka? Na hana. Tsanin da muka kafa na kwashe ganyen cikin indararo ne kawai, da hannu, gindinsa nesa da bango mita ɗaya ga kowace mita huɗu ta tsawo, ina sama yana riƙe da shi a ƙasa.

Rufi ma bai son ƙarfi. A Amurka, inda aka fi rufa gidaje da fale-falen kwalta, ƙungiyar masu ƙera su da kanta ta ce kada a yi musu wankin ƙarfi, domin yana kwashe tsakuwar da ke kare su daga rana. Abin da ta ba da shawara shi ne bilic da ruwa rabi da rabi, a bar shi minti 15 zuwa 20, a ɗauraye a hankali. Baƙin zanen da ke fitowa a irin wannan rufi ma wata ƙwayar halitta ce mai suna Gloeocapsa magma. Namu kwano ne, kuma bilic yana cin rufin tutiyar da ke hana kwano tsatsa, don haka sabulu da ruwan tiyo kawai na ba shi, daga inda doguwar sanda ta iya kaiwa.

Ɗakin ajiya na baya kuwa ban taɓa rufinsa ba. Tsohon fale-falen siminti ne mai tudu da kwari, irin wanda a da ake haɗawa da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare. Muddin yana zaune lafiya, zarensa a ɗaure yake cikin simintin. Ruwa mai ƙarfi ke tsinka shi ya watsa cikin taɓo, taɓon ya bushe ya zama ƙurar da ake shaƙa, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana a huhu. Ga shi da gautsi, ba a taka shi. Birtaniya ta haramta asbesto gaba ɗaya a 1999. Haka na bar tsohon fentin ƙofar ɗakin, wanda ya yi sawu-sawu yana ɓarewa, don tsofaffin fenti sukan ƙunshi dalma, wadda guba ce. Amurka sai a 1978 ta hana sa ta a fentin gidaje. Waɗannan biyun sai an kawo wanda ya san aikinsu ya duba.

Wani maƙwabci ya ce zai ara mini injinsa mai fetur, mai PSI 3,000, in wanke cikin gareji. Na yi godiya na ce a'a. Ƙarfin ya fi buƙatata, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa a rufaffen wuri ko da ƙofa a buɗe take.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ƙyauren katako. Na tuna tsagin da jan kai ya yi, ban kusanto da injin ba. Bilic mai kulorin ma yana raunana zaren katako ya bar shi fari ƙwal, don haka na yi amfani da garin wanki mai oksijin, sodiyom fakabonet, na narka shi a ruwan ɗumi cikin buɗaɗɗen bokiti, don yana fitar da iska, ba a toshe shi a jarka. Na shafa, ya yi kumfa, bayan kwatan awa na goge ina bin tsawon zanen itacen. Ruwan da ya sauko baƙi ƙirin ne. Ƙasansa katako ne mai launin zuma. Zan ba shi kwana biyu ko uku ya bushe sarai kafin in shafa mai.

Na koma bangon farko, yau mako huɗu cif. Na shafa tafin hannu a kai, babu santsi, babu kore. A kusurwar da na yi gwajin ranar 6 ga Oktoba kuwa, inda ruwa kaɗai ya taɓa, wani siririn kore ya fara leƙowa daga cikin ramukan. Na fesa masa kashi 1, na ɗauraye, in ya bushe zan cike da fulasta in shafa fenti.

An sa sabon indararo ranar Alhamis. Mun sare rassa uku da ke rufe bangon, yanzu rana tana samunsa daga hantsi zuwa azahar. Saura yashin bulon shimfiɗa, man ƙyaure, da mai duba rufin ɗakin ajiya, wanda ya ce zai zo ranar Talata. Injin na wanke shi, na tsiyaye ruwan cikinsa, na naɗe tiyo, na ɗauko jan kan daga aljihun tebur na haɗa da sauran huɗun, gobe da safe zan mayar wa mai shi.